Shekara nawa ke gare shi? Yadda ake auna tsufan ƙashi, gawayi, tulu da gini a Nijar

Wanda ya shiga Gidan Tarihi na Boubou Hama a Yamai ya tsaya gaban ƙwarangwal ɗin dinozor, za a ce masa dabbar ta rayu shekara miliyan 110 da suka wuce. In aka zo kan kawunan yumɓu na Bura, wata tsohuwar makabarta a yankin Tera, a ce an gina su tsakanin ƙarni na 3 da na 13. Da yawa sukan girgiza kai su ce, "To wa ke nan da aka yi?" Tambayar tana kan hanya, kuma tana da amsa. Kowane adadi daga wani ma'auni ya fito, kowane ma'auni yana da abin da ke tayar da shi, da iyakar da yake tsayawa, da abin da ke ɓata shi. Abin da ya fi damunmu shi ne mafi yawan ɓarnar tun kafin a kai ɗakin gwaji take aukuwa, a hannun mutumin da ya fara taɓa abin.

Ma'aunin da aka fi ji shi ne kabon-14. A can sama, haskoki masu ƙarfi da ke zuwa daga sararin samaniya suna dukan iskar naitirojin, su mayar da kaɗan daga cikinta wani nau'in kabon marar zama lafiya. Yawansa bai taka kara ya karya ba: kusan ƙwayar zarra 1 cikin tiriliyan 1 na kabon ɗin da ke iska. Gero da ciyawa da itace suna shaƙarsa, akuya ta ci ciyawa, mutum ya ci gero da akuya. Muddin da rai, abin da ke fita ana mayar da gurbinsa. Ranar da rai ya fita shigowa ta tsaya, sai raguwa. Bayan shekara 5,730 rabi ya tafi. Bayan 11,460 saura rubu'i. Idan aka kai wajen shekara 50,000 abin da ya rage ya yi ƙanƙanta har na'ura ba ta iya rarrabe shi da datti. Willard Libby ne ya fito da wannan dabara a Amurka a ƙarshen shekarun 1940, ya sami kyautar Nobel a 1960, kuma a shekarun 1960 ɗin Cheikh Anta Diop ya kafa ɗakin wannan gwaji a Dakar.

A yau ana ƙirga ƙwayoyin zarrar ne kai tsaye, don haka miligiram 1 na tsantsar kabon ya isa. Ƙwayar gero ɗaya da ta ƙone tana iya ba da shekara. Amma ƙanƙantar samfuri ita ce kuma hatsarinsa. Idan sabon kabon na kashi 1 cikin 100 kacal ya shiga samfurin da ya shekara 17,000, sakamakon zai rage masa shekara 600. Idan samfurin ya shekara 34,000 ne, kuskuren zai kai 4,000. Shi ya sa ba a ɗaukar gawayi da yatsa. Da hantsaki ko bakin cokalin gini mai tsabta ake ɗagawa, a naɗe a takardar alminiyom, a sa a leda, a rubuta wuri da zurfi a bayan ledar. Ba a sa auduga ko takarda a ciki, ba a shan taba a bakin rami, ba a rufe shi da danshi don kada ya yi fumfuna. A ɗakin gwaji ana wanke gawayin sau uku: ruwan asid ya cinye farar ƙasar da ta manne, ruwan soda ya cire abin da ruɓaɓɓen ganye ya tsiyayo masa, sannan asid ya sake bi.

Ko an yi duk wannan, gawayi yana iya yin ƙarya ta wata hanya, kuma a Nijar aka ga misalin da masana ke yawan kawowa. A Afunfun, kudu da Agadas, Danilo Grébénart ya tono wasu ƙonannun ramuka na laka da ya ɗauka murahun narka tagulla ne, gawayinsu ya ba da wajen shekara 2,000 kafin Miladiyya. Da David Killick da abokan aikinsa suka sake duba su, suka wallafa a 1988 cewa da yawa daga cikinsu kututturan itace ne da suka ci wuta a cikin ƙasa har lakar da ke kewaye ta gasu. Matsalar kuma ta wuce Afunfun. Kabon-14 ranar mutuwar itace yake faɗa, ba ranar da aka hura wuta da shi ba. A fadama itace yakan ruɓe ko gara ta cinye shi cikin 'yan shekaru, amma a hamada mataccen kututture yana iya kwana ɗaruruwan shekaru, wani ma dubbai, yana jiran maƙerin da zai yi gawayi da shi. Maganin shi ne a nemi abu mai gajeren rai: ƙwallon goriba ko na aduwa, ƙwayar hatsi, ƙaramin tsinke. Narka tagulla a yankin Agadas a cikin shekara 1,000 na ƙarshe kafin Miladiyya kam tabbas ne, ba a gardama a kai. Gardamar tana kan abin da ya gabaci haka, da kuma ƙarfen duwatsun Termit na gabashin Nijar da wasu suka kai shi shekara 1,500 kafin Miladiyya.

Akwai wani ƙulli da ya ƙara dagula maganar ƙarfe. Yawan kabon-14 a iska bai tsaya wuri ɗaya ba tsawon zamani, don haka dole a daidaita kowane sakamako da zoben shekara na tsofaffin itatuwa da aka ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin wajen 750 da 400 kafin Miladiyya layin daidaitawar ya kwanta: abin da ya mutu a farkon wannan zango da wanda ya mutu a ƙarshensa kusan lamba ɗaya suke bayarwa. Wannan kuwa shi ne daidai lokacin da ake son sanin ko ƙira ta fara a nan ne ko shigo da ita aka yi. Wanda duk ya ba ka shekara guda tak a wannan zango, ba tare da "daga kaza zuwa kaza" ba, ka yi taka-tsantsan da maganarsa kafin ka yarda.

Gobero

A shekarar 2000 ayarin Paul Sereno na Jami'ar Shikago yana neman ƙasusuwan dinozor a gefen Tenere, sai ya ci karo da ƙasusuwan mutane a kan tudun rairayi. Wurin shi ne Gobero. An koma an tona a 2005 da 2006, tare da masana irin su Elena Garcea da Oumarou Ide da Abdoulaye Maga, aka wallafa sakamakon a 2008. Kaburbura wajen 200 ne, na al'umma biyu da ba su taɓa ganin juna ba. Ta farko ta zauna daga wajen 7,700 zuwa 6,200 kafin Miladiyya: dogayen mutane ƙarfafa, masu kamun giwan ruwa da tarwaɗa da mashin ƙashi mai ƙugiya, ana binne su a dunƙule matuƙa. Sai fari ya kore kowa na kusan shekara 1,000. Ta biyu ta zo daga wajen 5,200 zuwa 2,500 kafin Miladiyya, siraran mutane. A cikinsu ne aka sami wata mata da yara biyu an binne su suna fuskantar juna, hannuwa a sarƙe, ƙurar furanni a ƙarƙashinsu, da wata yarinya mai awarwaron haƙorin dorina a dantse.

Dorina da giwan ruwa a inda yau ko ɗigo babu. Dalilin yana sama: karkatar duniya tana juyawa a hankali cikin wajen shekara 21,000, kuma idan bazarar arewa ta faɗo lokacin da duniya ta fi kusa da rana, ƙasa takan fi zafi ta jawo iskar damina daga teku zuwa can arewa. Haka aka yi daga wajen shekara 14,500 zuwa 5,500 da suka wuce. Tafkin Cadi ya kai faɗin murabba'in kilomita wajen 350,000, kwarin Azawak da ya ratso ta jihar Tawa kuma kogi ne mai gudu.

Wahalar Gobero ita ce ƙashin hamada. Abin da aka saba aunawa a ƙashi shi ne sinadarin nan mai yauƙi da ke sa romon ƙafar sa ya daskare, zafin Sahara kuwa yakan cinye shi ƙurmus. Sai aka koma ga farin ɓawon haƙori, wanda ya fi komai tauri a jikin mutum, aka haɗa da gwajin ƙasusuwan dabbobi da kasko da ƙasar tsohon tafkin. Wannan ma yana da nasa tarko. Ruwan ƙasa yana iya musanya kabon da haƙori ya sa ya fito ƙarami, cin kifin tafki mai tsohuwar farar ƙasa kuma yana iya sa mutum ya fito ya girmi shekarunsa. Abin da ya sa ake amincewa da lissafin Gobero shi ne gwaje-gwaje da dama a kan abubuwa mabambanta sun faɗa zango ɗaya.

Dinozor kuwa kabon-14 ba ya da ta cewa a kansa, ko da yake ana yawan jin mutane suna haɗa su. Shekara miliyan 110 ta ninka 5,730 sau wajen 19,000, babu ƙwaya ɗaya da za ta rage. Ana duba jerin shimfiɗun dutse ne, a kwatanta halittun da ke ciki da na wasu wurare inda aka sami tokar aman wuta, ita kuma a auna ta da ma'auni mai jinkiri kamar yuraniyom-238, wanda sai bayan shekara biliyan 4.47 yake raguwa da rabi. Irin yuraniyom ɗin da ake haƙa a Arlit ke nan, kuma masu nemansa ne suka kai masani Bafaranshe Philippe Taquet Gadufawa, a cikin Tenere, a shekarun 1960, inda ya tono dinozor ɗin da ake kira Ouranosaurus. A can ne kuma aka sami Nigersaurus, mai haƙora fiye da 500 da ke sauyawa kusan duk mako biyu. Ƙasusuwan kansa sun yi siranta har sai da aka bi su da sikana aka harhaɗa kan a kwamfuta. Mutanen Adar ma suna da rabonsu: kwanson halittun teku da yara ke tsinta a duwatsun yankin shaida ce ta tekun da ya taɓa ratsa Sahara, kuma farin dutsen da ake gasawa a yi siminti a Malbaza a ƙasan wannan teku ya kwanta.

Tulun Bura da abin da ɓarawo ya bari a rami

A 1975 aka gano makabartar Bura Asinda-Sikka a yankin Tera, Boubé Gado na IRSH, cibiyar binciken tarihi da al'adu ta Jami'ar Yamai, ya tona ta a 1983. Ɗaruruwan tuluna ne dogaye, an kife su baki ƙasa, wasu da kan mutum a sama, har da mahayin dokin nan da ya yi suna. Bayan an baje kolinsu a Faransa a 1993 kasuwa ta buɗe, aka dira wa wuraren da diga da shebur. A shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda aka hana saye da sayarwa. Nijar ma tana da dokar 1997 ta kare kayan tarihi.

Gasasshen yumɓu yawanci ba ya da kabon na kirki, don haka wani ma'auni ake amfani da shi, gwajin hasken zafi. A cikin kowane yumɓu akwai ƙananan ƙwayoyin yashi masu ƙyalli, akwai kuma ɗan yuraniyom da toriyom da fotasiyom da ke fitar da tururin nukiliya kaɗan-kaɗan. Tururin yana ture ƙwayoyin lantarki, su maƙale a cikin tsagogin ƙwayar yashin, shekara bayan shekara, kamar randar da aka ajiye ƙarƙashin indararo mai ɗiga. Ranar da mai ginin tukwane ta gasa tulun, zafin da ya haura digiri 500 ya zubar da duk abin da ya taru, aka fara daga sifiri. A ɗakin gwaji sai a sake zafafa ɗan garin tulun har wajen digiri 500, ƙwayoyin su fito a matsayin haske marar ƙarfi, na'ura ta auna. Sai a raba abin da ya taru da abin da ke shiga a kowace shekara, a sami tsawon lokacin da ya wuce tun gashin ƙarshe.

A nan ne satar kayan tarihi take yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Wani kaso mai yawa na tururin daga ƙasar da ke kewaye da tulun yake zuwa, har nisan santimita 30. Mai aikin kirki yakan ɗebi wannan ƙasa, ya auna danshinta, wani lokaci ya binne ƙaramin ma'auni a ramin na watanni. Da haka kuskuren yakan tsaya a kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Tulun da aka sace ba ya zuwa da ƙasarsa, sai dai a yi kirdado, kuskuren ya kai kashi 20. Ga tulun da ya shekara 1,000, wannan tazarar shekara 400 ce daga wannan baki zuwa wancan. An kuma rasa sanin wa aka binne, me ke gefensa, wane tulu ne ya riga wane. Mai digar ya karɓi abin da bai kai kuɗin buhun hatsi nawa ba, tarihin kakannin yankin gaba ɗaya ya tafi.

Ɗaukar samfurin ma da ƙa'ida. Ana huda wuri marar fitowa da ƙaramin bakin diril a hankali don kada ya yi zafi, a zubar da garin milimita 2 na farko domin ya sha rana, a tara wajen miligiram 100 a ƙarƙashin jan fitila. Tulun da aka taɓa busarwa a kan wuta mai ƙarfi ko gobara ta ci, lissafinsa ya koma ranar wutar. Masu jabu kuma sun koyi darasin. Sukan samo tsohon gutsure na gaske su yi ƙafa ko gindi da shi, inda suka san za a huda, su gina sauran da sabon yumɓu. Ko su niƙa tsofaffin kasake su kwaɓa da gam. Takardar gwaji ta fito da shekara 800, alhali kashi ɗaya ne cikin biyar na jikin ya tsufa. Abin da ke tona su shi ne huda wurare uku ko huɗu masu nisa da juna, da kuma sikana irin ta asibiti, wadda ke nuna mahaɗa da gam da bambancin yumɓu.

Raƙuman dawa na Dabus

Wani abin kuma ba shi da ma'auni ko kaɗan. A Dabus, arewa da Agadas kusa da hanyar Arlit, an sassaƙa raƙuman dawa biyu a kan dutse, babban ya kai mita 5.4, da zanen fatarsa ɗaya bayan ɗaya, da wani layi da ya sauko daga bakinsa zuwa ga ɗan ƙaramin mutum. Christian Dupuy ya rubuta labarinsu a 1987, a kewayen kuma akwai zane fiye da 800. Sassaƙa cire dutse ne, ba ta ƙara komai da za a auna. Shekara 6,000 zuwa 8,000 da ake faɗa ƙiyasi ne daga salon aikin, da duhun da tsagar ta yi idan aka kwatanta da fuskar dutsen, da kuma sanin cewa sai da itatuwa raƙumin dawa yake zama. Jikokin irinsu na Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa 49 a 1996 kafin kariya ta sa suka haura 600.

A 1999 aka ɗauki kwafin sassaƙen na Dabus. Tsarin irin wannan aiki shi ne a share dutsen, a shafa abin da zai hana mannewa, a bi da silikon da buroshi shafi bisa shafi, na farko siriri don ya shiga kowace tsaga, a ɗora ɓawon filasta a baya kashi-kashi don ya riƙe siffar, sannan a ɓare. Daga wannan aka zuba kwafin alminiyom, ɗaya yana filin jirgin saman Agadas. Aikin ya fito da kyau, amma hanya ce mai hatsari: silikon yana iya tafiya da ɓawon dutse, man da ke cikinsa kuma yana iya gurɓata fuskar ga masu gwajin gaba.

Yau ba sai an taɓa dutse ba, kuma wannan aiki ne da ɗalibi a Yamai ko Tawa zai iya da waya mai kyamara mai kyau. A ajiye ma'aunai biyu masu alamar santimita a gefe. A ɗauki hoto a matsa taki ɗaya a sake ɗauka, kowane hoto ya maimaita kashi 60 zuwa 80 na wanda ya gabace shi, a zagaya sau uku: daga tsaye, daga tsugune, daga sama. Kada a taɓa zuƙowa a tsakiyar aiki. Manhaja irin Meshroom, wadda kyauta ce, tana nemo ɗigon da ya bayyana a hotuna da yawa ta lissafa wurinsa ta fitar da siffa mai tudu da kwari. Abin da ke ɓata aikin shi ne inuwa mai tafiya, don haka da sassafe kafin rana ta faɗo ko ranar hazo ake yi, a gama cikin rabin awa. Hoto mai rawa a jefar da shi. In aka manta ma'auni, siffar za ta fito amma ba wanda zai san ko taƙi ce ko gaba goma. Zuba ruwa ko bin tsaga da alli don hoto ya fito kuwa ɓarna ce, a daina.

Daga Yama zuwa Dandaji

Ƙasar da ake tonowa don tarihi ita ce masu fasahar yau suke gini da ita, kuma a jihar Tawa aka fi ganin haka. Magini Falké Barmou ya fara masallacin Juma'a na Yama a 1962 da tubali da itace. A 1975 ya sake rufin da bakan gizo ya ɗora ƙubba, tsakanin 1978 da 1982 ya tayar da hasumiya huɗu, kowace da siffarta. Ginin ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini a 1986. A Dandaji kuma, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo mai ɗaukar mutum 1,000 a gefensa, aka gama a 2018 da sunan Hikma. Sun yi aiki da maginan gargajiya wajen gyaran tsohon, sabon kuma da matsattsen bulon jar ƙasa aka yi shi. A ganinmu wannan yana cikin fasahar zamani mafi nauyi da aka yi a ƙasar nan, domin mutane suna salla da karatu a cikinsa kullum.

Matsattsen bulo ba ya son ganganci. Ana kwashe ƙasar sama mai saiwa da taki, santimita 30 zuwa 50, a ɗebi ta ƙasa a tankaɗe da rariya mai ido milimita 5 zuwa 10. Gwajin farko da kwalba ake yi: ƙasa rubu'i, ruwa ya cike, a girgiza a ajiye. Tsakuwa da yashi su kwanta nan take, laka ta biyo daga baya. Ana son yashi da tsakuwa su haura rabi, laka ta tsaya wajen kashi 10 zuwa 25. Na biyu, a murza kwaɓaɓɓiyar ƙasa kamar kaurin babban yatsa a turo ta bakin tebur: in ta karye kafin santimita 5 yashi ya yi yawa, in ta wuce 15 laka ta yi yawa. Siminti kashi 5 zuwa 8 na nauyi ake sawa, a gauraya a bushe har launi ya zama ɗaya kafin a yayyafa ruwa. A dunƙula a saki daga tsayin ƙugu: in ya fashe gida huɗu zuwa bakwai ruwan ya yi, in ya baje gari ya yi kaɗan, in ya lafe ɗaya ya yi yawa. Injin matsi na hannu, wanda asalinsa Raúl Ramírez ya ƙera a Kolombiya a shekarun 1950, yana fitar da bulo mai santimita 29.5 da 14 da 9, nauyinsa wajen kilo 7.5. A kashi 6, buhun siminti na kilo 50 yana ba da bulo wajen 110.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne shanya bulon a rana kamar tubali. Siminti da ruwa yake ƙarfi. A zafin Afrilu na Yamai ruwan yakan gudu cikin awoyi, bulon ya yi kyau a ido amma gefensa yana marmashewa a hannu. A jera shi a rufe da leda ruf na mako ɗaya zuwa biyu, sannan ya bushe a inuwa, kada a hau gini da shi kafin kwana 28. Kwaɓin da ya wuce awa ɗaya da ruwa ba a matsa shi ba ya lalace. Baƙar lakar fadama mai tsagewa da rani ba ta jituwa da siminti, farar ƙasa gasassa ta fi dacewa da ita. Gindin bango kuma a ɗaga shi da dutse ko kankare santimita 30 zuwa 40 sama da ƙasa, indararo ya jefa ruwa nesa. Ladan wahalar shi ne bango mai kaurin santimita 40 yana jinkirta zafin rana awa 10 zuwa 12, ya iso ciki da dare lokacin da za a iya buɗe taga.

Tsofaffin gine-ginen tubali su ne suka fi shan wuya a hannun masu son gyara. Yaɓen siminti a kan laka yana tsagewa domin ba tare suke miƙewa da zafi ba, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, bangon ya narke a ɓoye har ranar da ɓawon zai zube gaba ɗaya. Yaɓen laka da makuba yana numfashi, sai dai yana son a sabunta shi. Wannan sabuntawa tana da tasiri ga mai son sanin shekarun gini: ciyawar da ke cikin yaɓen waje ta bara ce ko ta bana. Ramno da ƙaiƙayin da aka kwaɓa cikin tubalin tsakiyar bango, kusa da tushe, su ne na damina ɗaya ko biyu kafin a aza ginin, kuma samfuri ne da ya fi azarar rufi aminci nesa ba kusa ba, tunda azara ana iya ciro ta daga rusasshen gidan kaka a sake amfani da ita. Don haka in za a rushe ko a gyara tsohon soro ko masallaci, a ɗauki hotonsa ta kowane gefe da ma'auni, a ciro tubali biyu ko uku cikakku daga sahun ƙasa, a rubuta wane bango da wane tsayi, a ajiye su a bushe cikin leda, a sanar da gidan tarihi ko IRSH kafin a zubar da sauran.